Idon Majo a kan Takardar Likita

Takardar magani a Akokan ba ta da surutu. Likita zai ja layi biyu ko uku da Faransanci: TA 12/8, GE, 1 cp x 3/j. Mai jinya ya juya ta sama da ƙasa, ba ya ganin komai sai tafiyar tsutsa. Majo kuwa, wato babbar ma'aikaciyar jinya, kallo ɗaya take yi ta gane: jini bai hau ba, a ɗibi ɗigon jini a nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya ɗaya sau uku a rana. Akokan gari ne a Nijar da ya tsiru saboda mahaƙar yuraniyom ta kamfanin COMINAK, wadda aka rufe a ƙarshen Maris 2021, kuma har yau hanyar Aljeriya ce. Don haka wata rana direba zai miƙo takarda daga Kano mai ɗauke da tds, ta san sau ukun nan ne dai a wata riga.

Abin da ya fi burge ni shi ne sanin inda take taka birki. IVD na nufin a tura allura kai tsaye cikin jijiya, IVL kuma a tura sannu a hankali. Harafi ɗaya ne tsakaninsu. Kinin da sinadarin fotasiyam da ake rubutawa KCl ba a tura su kai tsaye, sai an gauraya cikin ledar ƙarin ruwa suna ɗiga, in ba haka ba zuciya na iya tsayawa. Idan harafin bai fito sarai ba, ƙwararriya ba ta canka. Takan ajiye sirinji ta nemi wanda ya rubuta: “Likita, gafara dai, D ne nan ko L?” Ba raini ba ne, kuma likitan kirki ya sani.

Haka take da insulin. U na kalmar unité, ma'aunin insulin, idan aka rubuta shi da gaggawa yakan yi kama da sifiri, 4U ya koma 40, mai ciwon sukari ya suma. Tun 2004 hukumar tantance asibitoci ta Amurka, Joint Commission, ta sa U cikin haruffan da ta hana. Ita ma majo cikakkiyar kalmar take rubutawa. Ba ta rubuta 5,0 mg, don waƙafi na iya ɓacewa a karanta 50, kuma ba ta barin ,5 tsirara sai ta sa masa sifiri a gaba. Agadas, inda babban asibitin jiha yake, ta haura kilomita 200 daga nan, ga hanya ta lalace. Kuskuren da aka yi da dare, a nan za a yi fama da shi.