Kiɗan Baƙi A Tsakar Gida

Bahaushe ba ya raba kiɗa da magana. In kalangu ya tashi a bakin kasuwa, mahauci ya san takensa ake yi. In an busa kakaki, kowa ya san sarki ake gaisarwa. Sa'ad da Narambaɗa ke sakin kotso a fadar Sarkin Gobir na Isa, abin da fadawa ke jira shi ne yabo da habaici. Saboda haka in aka sa wa dattijon Beli, ko na Karaye, ko na Rogo, faifan kiɗan Turawa, tambayar da za ta fara fita daga bakinsa ita ce, "To, me suke cewa?" In aka ce masa ba su cewa kome, sai ya kau da kai, ya ce hayaniya ce. Tambayar tasa tana da tushe, amma hukuncin ya yi gaggawa, gama wannan rashin magana da ya ƙi, shi ne babban amfanin irin wannan kiɗa ga mutanen gida ɗaya.

Tun zamanin garmaho kiɗan nesa ya fara shigowa ƙasar nan. Sa'an nan sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. A ƙauye akwati ɗaya ne a gida, ana ajiye shi bisa turmi bayan lisha, da mai gida da uwargida da amarya da yara duk abu ɗaya suke ji. In mawaƙi ya yi azanci, tsohuwa ta warware wa jikokinta. Yanzu kuwa wayar hannu ta raba wannan zama. Kowane yaro ya toshe kunnuwansa da 'yan igiyoyi, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba, ɗan kuwa ba shi da mai koya masa rarrabe gwani da ɗan koyo.

Abin da ke hana a koma zama ɗaya shi ne kunya. Waƙoƙin soyayya da suka cika wayoyi ba irin waɗanda uba zai ji gaban ɗan farinsa ba ne, balle suruka gaban surukarta. Har Alhaji Mamman Shata, duk da girmansa, yana da waƙoƙin da in sun zo sai dattijo ya tashi ya ce za shi zaure. Kiɗan da ba shi da baiti ba ya korar kowa daga tabarma.

Mafi kusa da kunnen Bahaushe shi ne jaz, wanda jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙaga a birnin Niyu Olins na Amurka. Mai son gwadawa ya nemi faifan Louis Armstrong mai suna West End Blues, na 1928, wanda bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Ƙahonsa ne ke buɗe fage shi kaɗai, kamar kakaki da asuba. Can tsakiya sai mai busa wata sarewar Turawa ya ba da jagora, Armstrong ya riƙa karɓa masa da muryarsa, ba da kalma ko ɗaya ba. Wannan fa amshi ne sak, wanda duk yarinyar da ta taɓa tsayawa a dandali ta sani. Kuma mabushin jaz nan take yake ƙaga abin da zai busa, yadda Shata ke ƙulla baiti a tsaye in ya hangi mai kyauta. Armstrong ɗin nan ya zo Kaduna a 1960, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello.

Wani mabushin jaz kuma, Yusef Lateef, zama ya zo yi. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ba ta da nisa da ƙasar Rogo, yana binciken sarewar Fulani makiyaya. A 1983 ya ɗauki faifansa mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan, a 1987 kuma aka buga littafin da suka rubuta da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa. Mutumin da duniya ta san busarsa ya ƙetaro teku don ya koyi abin da yaran Beli ke ji a bakin burtali ba su waiwaya ba.

Kiɗan gargajiyar Turai ya fi wuyar shiga, tilas a faɗi gaskiya. Makaɗa da mabusa sukan kai sittin ko fiye, da goge manya da ƙanana, ga tsawo, ga shi wani wuri sai ya yi ƙasa har a zaci batir ya mutu. Amma yana da ƙofa. Simfoni na 5 na Beethoven, mutumin Jamus, wanda aka fara kaɗawa a 1808, yana farawa da bugu huɗu, uku gajeru, ɗaya dogo. Wannan shi ne takensa. In uba ya ce wa yara su ƙirga sau nawa taken zai komo, za su iske yana fitowa daga bakin goge, ya faɗa bakin ƙaho, ya ɓuya, ya sake ɓullowa da wata kama. Mai shi kuwa kunnensa ya riga ya fara mutuwa sa'ad da ya tsara shi. Aibinsa ga ƙauye ɗaya ne, watau rabin sa'a ya yi wa manomin da ya yini a fadama yawa. Maganin abin shi ne a ji kashin farko kaɗai, a bar saura sai gobe.

Kada a ce zaman iyali don jin kiɗa al'adar Turawa ce. A Masar, a da, ran Alhamis ta farkon wata, gidaje sukan taru gaban rediyon Alƙahira don jin Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, alhali kuwa waƙarta guda takan kusan cin sa'a ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi. Baƙo ba ya korar ɗan gida. Yaron da bai san Bakandamiyar Narambaɗa ba, bai san kuntigin Ɗan Maraya Jos ba, bai san ƙwaryar Barmani Choge ba, ba shi da mudun da zai auna na wasu. Sai a fara da na gida, a bi da na baƙi, a tambayi yara inda suka yi kama da inda suka saɓa. In ladan ya yi kira a kashe, in akwai makoki a maƙwabta a haƙura.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, amma kunnen ma sai an yi renonsa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai gidan da ya ba iyalinsa rabin sa'a a mako bisa tabarma ɗaya, ya riga ya san abin da ke shiga kunnen 'ya'yansa. Allah ya sa a gane.