Waya ce ta ɓata mana rubutu, ko asiri ta tona?

Duk inda manya suka zauna zancen karatun yaran yanzu, a rediyo ne ko a taron iyayen ɗalibai, ba a daɗewa sai an kamo portabul an ɗora mata laifi. Wai ita ta hana yara barci, ita ta kawo satar amsa, ita ta kashe rubutu. Biyun farko ban musa ba. Kowa ya san ɗalibin da ke kwana a TikTok ya zo aji ido jawur, kuma kowa ya ga yadda ake ɗaukar hoton kayen wani maimakon a zauna a kwafi darasi. Na ukun ne nake da ja a kai, musamman idan aka ce wai waya ta lalata mana Hausa. Abin da ba a taɓa ba ka ba, ta yaya za a ce an ƙwace maka shi?

Ku buɗe kowane gurup na WhatsApp na ƴan ajinku, ku duba yadda muke rubuta harshen da muka tsotsa. "Ina kouana." "Sannou da aiki." "Ina tchikin guida." Wani ya sa "ch" inda ake son "sh", wani ya sa "dj" inda "j" kaɗai ta isa. Wannan ba aikin waya ba ne, hannun lakwal ne. Tun daga CI aka koya mana cewa sautin "u" da haruffa biyu ake rubuta shi, muka yi shekara goma sha uku muna dikte da Faransanci, kuma galibinmu ba a taɓa ba mu ko awa guda ta rubutun Hausa ba. Yayyenmu ma sun ba mu labarin sambol da ake rataya wa wanda ya kuskura ya yi yaren gida a harabar makaranta. Allunan bakin hanya su ma haka suka rene mu: Tessaoua, Guidan Roumdji, Dogondoutchi. To da me yaro zai rubuta Tasawa da Gidan Rumji in ba da abin da ya gani ba? Kafin waya, wannan rauni a ɓoye yake, don ba mu da inda za mu rubuta Hausa. Yanzu da kowa ke rubutu safe da yamma, sai ya fito fili.

Wani zai ce ai ana ganewa, mene ne na damuwa. Ana ganewa har ranar da ba a gane ba. Ɗauki wannan saƙo: "ya bata kudin." Ya ba ta kuɗin ne, ko ya ɓata kuɗin? Idan ɗan ci-rani ne a Libiya ya aiko jikka hamsin a kai wa mahaifiyarsa, wannan ƙugiya guda da ta faɗi daga kan "b" ta isa ta raba zumunci. "Mu hadu a fada" kuma, shayi za a sha ko dambe za a yi? Haka "kasa" da "ƙasa", "baki" da "baƙi". A fannin nazarin harshe muna cewa waɗannan sautuka ne daban, ba ado ba ne. Mai magana ba ya haɗa su a baki. A rubutu kaɗai muke haɗa su.

Kuma ba wai babu ƙa'ida ba ce. Tun 1966 masana suka taru a Bamako ƙarƙashin UNESCO kan yadda za a rubuta harsunan yankinmu, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, a 1999 kuma gwamnati ta tsayar da haruffan Hausa a hukumance. Tun kafin duk wannan, Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya rubuta a 1964 cewa ilimin Afirka ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai da harsunanta. Takardu dai ga su nan jingim. Amma gwajin da aka fara kafin a haifi iyayen wasunmu bai taɓa zama hanyar kowa ba. A watan Maris na 2025 kundin da aka kafa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Na ji masu murna, na kuma ji abokanmu Zabarmawa da Fulani da Buzaye da abin bai kwanta musu ba, kuma suna da hujjar da ya kamata a saurara. Ni tambayata ƙarama ce: a cikin mu masu murnar, mutum nawa ne zai iya rubuta shafi guda da harshen ƙasar ba tare da "ou" ta kutso ba?

Sai zancen vokal. Nan ne nake ganin waya tana da nata kason laifi, amma ba irin wanda ake faɗa ba. Vokal alheri ce babba, kada wanda ya raina ta. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba yau tana jin muryar ɗanta daga Tamanrasset, ba sai ta nemi ɗan makaranta ya karanta mata wasiƙa ya ji sirrin gida ba. Sai dai ku lura da wani abu. A shekarun 2009 da 2010, Jenny Aker da abokan aikinta sun yi bincike a ƙauyukan Doso da Damagaram, inda aka haɗa karatun yaƙi da jahilci da koyon amfani da ƙananan wayoyi. Manyan da suka koyi tura saƙo sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: lokacin SMS ta fi kira araha, don haka waya tana tilasta maka ka rubuta. Da WhatsApp ta kawo saƙon murya a 2013, sai wannan tilas ɗin ta faɗi. Yanzu har mai digiri, in zancen ya zama na Hausa, danna makirfo yake yi ya zuba minti biyar. Faransanci ya samu yatsa, Hausa ta koma baki, daidai yadda lakwal ta raba su tun farko. Ga shi vokal ba a neman kalma a cikinta, ba a gyara ta, kuma jita-jita ta fi gudu a kanta, don murya mai rantsuwa ta fi rubutu shiga rai.

Abin da masu zagin waya ba sa gani shi ne, a wani gefen ita ce ke yin aikin da aji ya bari. Ƴan mata da yawa a Maraɗi da Tawa a waya suka iya karatun Hausa, ta littattafan soyayya na marubutan Najeriya da ke yawo a gurup-gurup. Can an daɗe ana koyar da Hausa a makaranta, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma tun 1939 ta fara fitowa. Ba na cewa rubutun waɗannan littattafai tsaf yake, su ma ƙugiya ba ta dame su ba, kuma suna haɗe kalmomi yadda suka ga dama. Amma wadda ta karanta goma daga cikinsu ta daina rubuta "tchi". Wane mushe ne ya koya mata?

Don haka in za a hana waya a aji, a hana, ba ni da ta cewa. Amma ranar da aka tattara wayoyin aka kulle a ofishin darakta, yaron nan zai fito bai iya rubuta sunan unguwarsu ba, kamar jiya. Abin da ya rage shi ne malamin da aka horar ya san bambancin "d" da "ɗ", da littafi a hannun yaro, da maki a jarrabawa, don mun san halinmu, abin da babu maki ba ma karanta shi. Kafin nan, wanda ke da Android ya shiga saitin Gboard ya ƙara Hausa. Haruffan ƙugiya suna nan ciki, kuma ba ya cin forfe.