Jigon Rabon Gado a Ƙagaggun Labaranmu: Darasi Daga Zonkwa

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala za ta dubi yadda marubutanmu suke sarrafa jigon gado, sannan ta auna shi da abin da ke faruwa a zahiri a gari irin Zonkwa, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf a kudancin Jihar Kaduna.

Yadda Ake Warware Jigon

Tun a shekarun 1930 batun magaji ya shigo ƙagaggen labarin Hausa. A cikin Jiki Magayi na John Tafida Wusasa da Rupert East, rashin ɗa ne ya ingiza attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab, ɗan da ya samu kuwa, wato Kyauta, shi ya yi ajalinsa. Ke nan littafin ya nuna mana cewa dukiya da neman mai gadonta suna iya rusa gida.

A ganinmu, da yawa daga cikin marubutan da suka biyo baya sun sauƙaƙe wannan jigo ƙwarai. Kullum taurarin guda uku ne: azzalumin baffa, maraya mai haƙuri, da alƙalin da zai raba gardama a shafin ƙarshe. Mai karatu ya san mai gaskiya tun daga babi na farko, don haka babu abin da ya rage masa sai jiran sakayya.

Abin da Zonkwa ke Nunawa

A Zonkwa sau da yawa gardamar takan fara ne tun daga kan wace doka za a bi. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta kafa kotunan Shari'a da kotunan al'ada, ga kuma Babbar Kotu. Mu ƙaddara wani dattijo Bajju ya rasu ya bar gonar citta, a cikin 'ya'yansa akwai Kirista, akwai wanda ya musulunta, akwai kuma 'ya mace da ta yi aure a Kafanchan. Al'ada takan bi da gona ta wajen 'ya'ya maza. Shari'ar Musulunci ta ba mace rabin rabon namiji, ta ba matar mamaci tumuni idan akwai ɗa, amma a mazhabar Malikiyya bambancin addini yana hana gado. Ita kuwa 'yar tana iya kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2014 a shari'ar Ukeje da Ukeje, wanda ya soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon mahaifinta. Bugu da ƙari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna bisa amana, abin da ake gada shi ne haƙƙin zama da amfani.

A irin wannan gida babu wanda yake ganin kansa azzalumi. Kowa yana riƙe da hujjar da ya yi imani da ita, kuma kabarin uban nasu yana iya kasancewa a cikin filin da ake jayayya a kansa. Nan ne ainihin rikicin da labari ke bukata yake, domin ko wa ya ci shari'a, zumunci ne zai biya kuɗin kotu.

Kammalawa

Muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu da su je su zauna a zauren kotu su saurara, su tambayi dattawa yadda ake shata iyakar gona, su kuma karanta babin gado a Risala. Marubucin da ya ba baffa hujjarsa kamar yadda ya ba maraya tasa, shi ne zai bar mai karatu da tunani bayan ya rufe littafi. Hausawa sun ce naka sai naka, amma aikin marubuci ne ya nuna mana ranar da gona ta gwada wannan magana.