Tsokaci a Kan Yadda Ake Bin Diddigin Kalmomin Aro: Shaida Daga Nguru da Gashuwa

Akwai wata al'ada da ta yi kaka-gida a kundayen ɗalibanmu, har ma da maƙalun wasu malamai: da zarar an ji ƙamshin Larabci a jikin kalma, sai a yanke hukunci cewa daga bakin Balarabe Bahaushe ya karɓe ta. Wannan gaggawa ita ce abin sukar wannan tsokaci.

Mu ɗauki kalmar kasuwa. Ba a musun dangantakarta da suƙ ta Larabci, amma daga ina ka- ɗin farko ta fito? Wanda ya zauna a Nguru, inda Mangawa ke amfani da karinsu na Barbarci, ba zai sha wahalar amsa ba, domin Barebari kasuwu suke cewa, kuma ɗafa-goshin k- sananne ne a ƙirar sunayensu. Haka abin yake ga karatu, wadda ƙarshenta ya yi daidai da ɗafa-ƙeyar sunan aikatau a Barbarci. Wato dai ta hannun Barno kalmomin suka iso. Tun 1960 Greenberg ya bayyana wannan, ya haɗa da rubutu, amma ga alama ambaton sunansa ake yi, ba karanta shi ba. Abin mamaki kuma, sarautar Galadima da ake tinƙaho da ita a fadojin ƙasar Hausa, a Nguru Galadiman Barno yake da mazauni, ɗaruruwan shekaru kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1930 ya ƙara kwararowar Hausawa.

A Gashuwa kuskuren juyawa yake yi. Na taɓa duba wani kundi da ya jera kalmomin Badanci masu kama da na Hausa, ya kira su duka aro daga Hausa, har da fəɗu, wato huɗu. Ai Badanci ɗan'uwan Hausa ne a iyalin Cadi; wannan gado ne, ba aro ba. Illar ba ƙarama ba ce, domin ɗalibi Babade zai tashi da zaton harshensa ɓurɓushin Hausa ne. Ƙamusoshin Badanci da Schuh da abokan aikinsa suka fitar a 2004 sun isa su hana mai kundin wannan tuntuɓe, da ya buɗe su.