Garin da fadama ke wanke wa ruwa

Arkata ƙaramin gari ne a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka, mutanensa ba su kai dubu 20 ba. Yana bakin mashigin tekun Hambolt, inda ake kiwon mafi yawan kawar da jihar ke samarwa. Ita kuwa kawa tace ruwa take yi ta samu abinci, don haka duk ƙazantar da gari ya zubar, a cikinta za ta taru, daga nan sai cikin mutane.

A shekarar 1974 jihar ta hana zuba ruwan kwata da na bayan gida a irin wannan mashigi, sai fa in an nuna cewa ruwan zai amfani wurin. Hukuma ta kawo shawarar a gina katafariyar matata guda ga yankin baki ɗaya. Mutanen Arkata suka ga tsadarta ta fi ƙarfinsu, suka ƙi. Malaman jami'ar garin biyu, George Allen masanin kifi da Robert Gearheart injiniyan muhalli, suna cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa fadama za ta iya aikin. Aka fara gwaji a 1979, aka kammala tsarin a 1986, a filin da a da bola ce da kangon masana'antun katako.

Ruwan yakan fara bi ta rariya mai tare tsummoki da robobi, sannan a tsayar da shi a manyan tankuna har dagwalon ya kwanta. Dagwalon a kai shi rufaffen tanki ya ruɓe, daga baya ya zama taki. Ruwan kuma ya gangara zuwa faffaɗan kududdufai, kuma a nan ne gwanintar take. Da rana gansakuka na fitar da iskar oksijin, bakteriya na shaƙar ta suna cinye ƙazantar, abin da suka fitar kuma shi ne abincin gansakukar. Sai dai ruwan zai fito kore shar, kuma ba a zuba wa teku koren ruwa. Shi ya sa ake tura shi cikin fadama mai cunkoson ciyayi, inda inuwa ke kashe gansakukar ta nutse, bakteriyar da ke manne a saiwoyi da karare ta ƙarasa sauran. Cikin ciyayin har da kachala, wadda ta toshe hanyoyin ruwa ta addabi manoma da masunta a fadamar Haɗeja da Nguru. A Arkata ita ce ma'aikaciya.

Kada mai karatu ya ɗauka an bar wa ciyawa komai an tafi barci. In ruwa ya yi sauri, zai fita bai wanku ba. In ya daɗe a wuri guda, ya yi ɗoyi. Lokacin sanyi bakteriya na yin sanyin jiki, ga shi a lokacin ne ruwan sama ke cika kududdufan. Ma'aikaci sai ya san ƙofar da zai buɗe da wadda zai rufe, ya riƙa ɗibar ruwa yana aunawa, ya lura da lakar da ke taruwa shekara da shekaru tana rage zurfi. Kafin ruwan ya shiga teku kuma dole a kashe ƙwayoyin cuta, aikin da aka daɗe ana yi da sinadarin kulorin.

Tsarin na cin fili, ba kowane gari zai iya ba. Amma wurin, mai faɗin eka 307, yau an ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a cikinsa, mutanen gari na zuwa shan iska a gefen ruwan da ya fito daga masansu. A ganina, masu wannan aiki sun cancanci girman da ake bai wa likita, domin cutar da shi zai yi magani, su suke tare ta tun ba ta kama kowa ba.