A Daina Raina Shifta

A wuraren bitar malamai an ɗauki shifta tamkar tsohon tsumma: aikin aku ne, in ji su, ba ta auna komai sai haddar haruffa. Zargin ba sabo ba ne. Tun a 1961 Robert Lado ya yi watsi da ita a littafinsa na gwajin harshe, hujjarsa kuwa ita ce malami ne ya ba da kalmomin, shi ne kuma ya jera su. Shekara goma bayan haka John Oller ya binciki jarrabawar Turanci da ake yi wa baƙin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya tarar babu sashen da ya kai shifta nuna ainihin ƙarfin ɗalibi. A ganina nan gardama ta ƙare, sai dai labarin bai iso azuzuwanmu ba.

Sirrin yana wajen yankan jimla. Malami ya karanta nassin sau uku: na farko a tafe ba tsayawa, na biyu gaɓa-gaɓa yara na rubutu, na uku don dubawa. Idan gaɓar kalma biyu ce, Lado ya yi gaskiya, kunne kaɗai ya isa. Amma a tsawaita ta zuwa kalma bakwai ko takwas, sauti ba zai zauna a kai ba. Dole yaro ya kama ma'ana, sannan ya sake gina jimlar da nahawun da yake da shi. Abin da bai mallaka ba zai zube a hanya, kuma za ka ga inda ya zube.

Duba takardar ɗan aji huɗu a Kano. Ya rubuta "fan" inda aka ce "pan", "ban" a madadin "van". Wannan matsalar kunne ce, don Hausa ba ta raba waɗannan sautuka. Ya cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, yadda muka mai da buroshi da sukuddireba namu. Wannan ma gadon harshen uwa ne. Amma in ya yar da "ed" na ƙarshen aikatau, ko ya manne kalmomi uku wuri guda, to nahawu ne bai zauna ba, ko kuwa bai fahimci zancen ba sam. Cuta iri-iri ke nan, kowace da maganinta. Malamin da ya ja jan biro ya rubuta 3 bisa 10 ya zubar da duk wannan bayani. Jarrabawar canki-canka kuwa ba ta ma tara shi ba, balle ta zubar.

Inda na fi kafewa shi ne a fara yi wa yaron shifta da Hausa. Mu da muka san yadda alaramma ke yi wa almajiri shifta a allo ba baƙin abin ba ne. Wanda ya rubuta Hausa tsaf ya kasa Turanci, harshe kawai yake buƙata, kuma mai bincike Jim Cummins ya nuna Turancin karatu kan ci shekara biyar zuwa bakwai kafin ya nuna. Wanda ya kasa duka biyun, rubutun kansa ne bai iya ba, ƙarin darasin Turanci ba zai tsinana masa komai ba. A aji mai yara ɗari, alli da minti goma sha biyar sun isa a raba waɗannan biyun.