Masu Riƙon Mafarautan Ruwa

Tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Wannan ne karatun farko ga duk wanda ya haƙa kududdufi ko ya gina tankin siminti da niyyar kiwon kifi mai farauta. A zuba 'ya'yan tarwaɗa masu kai ɗaya, kafin sati biyu wasu 'yan tsiraru sun yi wa sauran fintinkau. Idan aka yi sake, su ne za su riƙa haɗiye 'yan uwansu, ranar kwasa mai kiwo ya tarar da ƙosassu ƙalilan, kuɗin abinci ya bi ruwa. Gwani ba ya jiran haka. Da sanyin safiya, kafin ya ba su komai, zai rage ruwa, ya kwaso su da koma mai laushi, ya ware manya gefe, ƙanana gefe, hannunsa a jiƙe don kada ya goge santsin jikinsu, wanda shi ne garkuwarsu daga cuta. Da ido yake awo: faɗin bakin wannan, kaurin kan wancan. Duk wanda zai iya shiga bakin wani, ba za su kwana wuri ɗaya ba.

Wannan sana'a ta dace da Birnin Tudu da maƙwabtanta. Tun da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gama madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, magudanai ke kai ruwa gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun har tsakiyar rani. Amma madatsar ta rage ambaliyar da ke cika fadamu duk damina, alhali cikin ciyawar fadamun nan kifi ke shiga ya yi ƙwai, kuma masuntan da ke ƙasa da ita sun ga kamu ya ja baya. Abin da kogi ya rage bayarwa, sai a reno shi da hannu.

Tarwaɗa aka fi kiwo saboda juriyarta. Tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take jure cunkoso, kuma da abinci mai kyau takan kai kilo guda cikin wata biyar zuwa shida. Ramboshi ya fi ta girma, sai dai ya fi ta jinkirin balaga, don haka masu ƙyanƙyasa kan haɗa jinsin biyu su sami mai sauri kuma mai jiki. Duk da juriyar, ruwa na iya kashe su. Mai kiwo na ƙwarai yana shinshina ruwa kafin ya dube shi. Idan ya ga kifi sun miƙe tsaye a sama, gashin baki a waje, ya san kashi da ragowar abinci sun ɓata ruwa, sai ya dakatar da ciyarwa ya sauya. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yakan yi rumfa ya ƙara zurfi. Da hunturu kuwa cin su ke raguwa, shi ma sai ya rage hannu. Sabon tanki ba ya ganin kifi sai an jiƙa shi an zubar, an sake, har kaifin siminti ya mutu.

Inda gwaninta take kai maƙura shi ne wajen giwan ruwa. Ita ce masunta ke ciccibowa a Matan Fada lokacin bikin Argungu, a can ƙasan kogin Sakkwato, kuma takan kusa mita biyu. Ba ta shaƙar iska daga sama kamar tarwaɗa; idan ruwa ya mutu dare ɗaya, da asuba za a tarar da ita ciki sama. Ba ta kuma damu da abincin buhu ba, mai rai take so. Dabarar masu ita ta haɗa ta da karfasa tana burge ni ƙwarai. Karfasa akwai yawan haihuwa, har ta cika kududdufi da ƙanana marasa kasuwa. Sai a bari karfasa ta fara girma, sannan a saka 'yan giwan ruwa kaɗan waɗanda ba za su iya haɗiye iyayen ba. Giwa ta cinye 'ya'yan, iyaye su sami sarari su yi ƙiba, ita ma ta yi. Ƙwarewar tana cikin adadin: a yawaita su share komai, a ƙaranta karfasa ta rinjaye su. Duniya ta ga abin da kuskuren wannan lissafi ke jawowa a tafkin Biktoriya, inda aka saki giwan ruwa a shekarun 1950 ta ɓatar da ɗaruruwan jinsin ƙananan kifaye. A nan kuwa gidanta ne, tare da karfasa ta tashi.

Sai yauni, dogo mara fiffiken wutsiya, mai tafiya gaba da baya da fiffike guda da ya bi gadon bayansa. Yana fitar da wata 'yar wutar lantarki mai rauni da yake gane hanya da ita cikin ruwa mai duhu, abin da masanin nan Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya bayyana a 1951. Masunta kuwa tun kaka da kakanni sun san halinsa: da damina yakan tara ciyawa ya yi sheƙa mai yawo a kan ruwa, ya tsaya gadi, duk wanda ya matso ya sha cizo. Mai kiwon yauni daga bakin su yake ɗaukar karatu. Yakan bar ciyawa a gefen kududdufi, ya ba kowane babba sararinsa don ba sa shiri da juna, ya zuba masa ƙananan kifi, kuma ba ya tura hannu ruwa sai ya san inda kan yake. Hidimar doguwa ce, amma kasuwarsa na jira a kudu, inda Yarabawa ke neman sa da daraja don bikin aure.